Ladanin da Ke Yi wa Dorina Sallama

Duk baƙon da ya taɓa zuwa kallon ƙasarmu, daga gadar Tuga har iyakar Benin, in dai ya shiga ruwa, da wuya in ba jirgin yayana Usuman ya hau ba. Ni ce Hamsatu, ƙanwarsa ciki ɗaya, mai suyar kifi. Mutanen Tungar Ɗanliti suna cewa bakina ya yi yawa a kan maganarsa. To, ya yi yawan. Shi Yaya ko taka shi ka yi, shi zai ba ka haƙuri, don haka dole wani ya faɗa a madadinsa, ni kuwa Allah bai hana ni baki ba.

A tungar anka haife mu, bakin kogin Kwara, gidan masunta. Babanmu ya so Yaya ya gaje shi a su, amma Yaya mutum ne mai son hira, kifi kuwa ba ya hira. Sai ya kama fito, ya ɗauki mutane da buhunan shinkafa da awaki daga wannan gaɓa ya sauke a waccan. Abu na biyu da Allah ya ba shi murya ce. Tun yana saurayi anka ba shi ladancin masallacin tunga. A lokacin babu lasifika, wani tudu ne a gefen masallacin yake hawa, ya sa yatsu a kunne ya buɗe ƙirji, muryar ta tsallake kogi. Ba wai ƙari nake yi don ɗan'uwana ne ba. Da anka kai ni aure tsallake na wuni ina kuka a ɗaki, sai azahar ta yi na ji Yaya ras, kamar a ƙofar gida yake tsaye. Na share hawayena na yi alwala. Tun daga ranar da muryarsa nake sanin lokaci, haka ma sauran matan tsallake da masunta masu jefa birgi a tsakiyar ruwa. Sunansa ma ya ɓace, kowa Ladan yake ce masa.

Maganar baƙi ta faro ne daga wani malamin makaranta da ya kawo ɗalibansa daga Bagudo su ga kogi. Yaya ya zaga da su, ya cika su da labari, sunka koma gida sunka baza. Daga nan sai 'yan bautar ƙasa, sai ma'aikatan Birnin Kebbi in an yi hutun salla, sai 'yan kasuwar Kamba da sunka gaji da lissafi. Kowa ya sauka tambayarsa ɗaya, ina Ladan mai jirgi.

Yana da hanyarsa. In rani ya yi ruwa ya ja baya, zai fara kai su tudun rairayi, fari fat a tsakiyar kogi, inda tsuntsaye irin su kirinjijiya da dinya ke sauka garke-garke. Daga nan ya bi gefen fadama, su ga shinkafa iyakar ganin ido, ga goriba da giginya tsaye a gaɓa. In sun yi sa'a su tarar Fulani na tsallakar da shanu, ƙahoni da hanci kaɗai a saman ruwa, makiyayi riƙe da wutsiyar ta baya. Masu son ganin gari ya haɗa su da mota zuwa Illo su zaga tsohon gari, ko ya raka su Lolo ranar kasuwa su ji Dendanci da Fulatanci da Hausa a rumfa ɗaya. In an kusa iyaka sai ya nuna da filafilin tuƙi ya ce, "Waccan bishiyar ta Benin ce, wagga tamu ce, tsuntsun da ke tsalle tsakaninsu kuwa bai taɓa yankan takarda ba." Amma ko wa ya ɗauko, da ya ga rana ta kusa tsaka sai ya juya jirgi, baƙi na mita shi yana tuƙi, don azahar na jiransa. In tafiyar nesa ce ya bar wa mataimakinsa Bunyaminu, wani bawan Allah mai siririyar murya da ko bayan masallaci ba ta cika wucewa ba.

Abin da baƙi sunka fi so shi ne gurbin dorina, wani wuri mai zurfi a ƙasan tunga. Bari in yi maku bayani, don duk maganar a nan take. Dorina ba ta son a zo mata ba zato. In tana ƙarƙashin ruwa jirgi ya bi ta kanta shiru, tasowa take yi a firgice ta kife shi. Saboda haka duk masuncin da ya san ciwon kansa, kafin ya kusanci gurbi sai ya bubbuga gefen jirgi da filafili, su ji su ɗago kai, ka san inda suke su san inda kake. Babanmu ya yi, kakanmu ya yi, kowa na yi. Abin da Yaya ya ƙara kaɗai shi ne barkwanci. In ya buga sai ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum masu gida, ga baƙi na kawo maku." Ya kuma raɗa masu suna. Akwai Maigari, wani ƙato mai yagaggen kunne, akwai Hajiya Babba, akwai Amarya mai yawan ɓuya. In Hajiya Babba ta yi hamma ya ce a yi mata uzuri, ba ta karya ba. Baƙi su yi ta dariya, tsoron da ke cikinsu ya kwanta, babu mai zabura ya jirkita jirgi. Wallahi iyakar tsafin ke nan.

Shekarar da anka ƙaddamar da shari'a a jiharmu mun yi murna, kar wani ya ce ban faɗa ba. 'Yan caca sunka watse, mazan da ke raba dare a waje sunka san hanyar gida. Yaya har rawani ya naɗa ya tafi taro Bagudo. Sai dai kusan kowane gari sai da anka samu saurayin da ya ɗauka shi ne ya fara jin labarin Musulunci. Namu shi ne Muzammilu, ɗan maƙwabcinmu, wanda ya yi karatu a birni ya dawo ya kafa kwamitin gyaran tarbiyya, ya naɗa kansa shugaba.

Wata rana abokansa na birni sunka kawo masa ziyara, ya ɗauko su kallon dorina a jirgin Yaya. Yaya ya buga, ya yi sallamarsa yadda ya saba. Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikin baƙin ya dubi Muzammilu ya ce, "Ashe har yanzu ana gaida iskokin ruwa a garinku? Kuma wanga ne ka ce ladaninku?" Ni har gobe ba ni yarda kishin addini ne ya ci Muzammilu. Kunya ce, kar a koma birni a ce shi ɗan ƙauyen matsafa ne. Mutumin da ubansa har ya mutu yana buga jirgi, shi ne zai ce bai san abin da ake bugawa domin shi ba?

Ina tsallake ban san abin da ake ciki ba. La'asar ta yi ban ji komai ba, na ce ko Yaya ya raka baƙi Lolo. Magariba shiru. Washegari ma azahar ta wuce shiru. Na rufe kaskon suyata na shiga jirgi na tsallaka. Sakinatu, matar Yaya, ita ta ba ni labari, don gidansu na jikin masallaci, ta ji komai ta bayan zana.

Ta ce bayan an sallame azahar Muzammilu ya tsai da jama'a ya ce, "Baba Usuman, ba raini ba ne, amma wanda ke neman izinin aljanun ruwa bai kamata ya kira mutane salla ba."

Yaya ya ce, "Wane aljani kuma, Muzammilu? Dorina ce fa. Dabba ce kamar saniya."

"To mi ya sa kake yi mata sallama?"

"Wasa ne don baƙi. In ya ɓata maku rai, daga yau na bari."

"Har da bugun jirgin. Kuma ka miƙe nan gaban jama'a ka ce ka tuba."

Yaya ya dubi jama'a. Can ya ce, "Sallama na bari. Bugu kam ba ni bari, don ba ni shiga gurbi da ɗiyan mutane ban buga ba. Tuba kuwa kullum cikinta nake, amma ba ni tuba daga abin da ban yi ba. In na faɗa, na yi wa kaina shaidar zur a cikin masallaci."

Ga abin da har yau ke ƙona mini rai. Masallacin nan cike yake da masunta. Babu mutum ɗaya a cikinsu da bai buga gefen jirginsa ba a satin nan. Da ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Haba yaro, ai duk muna yi," da magana ta mutu nan take. Sai sunka sunkuyar da kai kowa ya kama jan carbi, don kar a ce shi ma yana goyon bayan tsafi. Liman, tsoho ne mai gudun fitina, ya gyara murya ya ce, "Ladan, ka ɗan huta har ƙura ta lafa. Bunyaminu ya riƙa mana."

Na fita ko gyalena ban daidaita ba. Na tarar da masuntan gindin ɗorawa suna ɗinkin taru. Na ce, "Sannunku da aiki, manyan maza. Ku in kun je gurbi da mi kuke bugawa, da harshe?" Ɗaya ya ce, "Hamsatu, lokacin ne ba na magana ba." Na ce lokacin cin kifi dai bai taɓa wuce ku ba. Ina cikin zuba masu Yaya ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Hamsatu, ya isa. Koma gidanki, kwana biyu ne." Don girmansa na yi shiru, ba don na gama ba.

Kwana biyun nan shekara goma sha wani abu ta zama. Babu wanda ya sake ta da maganar. Liman ya rasu, anka naɗa wani, anka sayo lasifika da batir, siririyar muryar Bunyaminu ta samu abin hawa. Yaya ya koma sahun baya. Bai taɓa fashin jam'i ba, shi ke fara zuwa ya share tabarmi, sannan ya ja gefe ya zauna. Sakinatu ta ce in an fara kira sai ta ga leɓɓansa na motsi, har yana ja inda Bunyaminu ya gajarta. Bai taɓa cewa a mayar masa ba, don ya ce ba a roƙon wannan aiki, kiran mutum ake yi a ba shi.

Abin takaici kuma, baƙi sai sunka ƙaru. Labari ya kai birni cewa akwai wani boka a bakin Kwara mai magana da dorina. Sunan Ladan ya faɗi, ya koma Usuman Mai Dorina. Yana buga jirginsa shiru ba sallama, amma sai ka ji baƙo na cewa, "Baba, a ɗan yi mana karatun mana." Mata na tsallako iyaka daga Benin da kaza a hannu, wai a roƙa masu haihuwa wajen masu ruwa. Yaya ya ba su ruwan sha, ya ce su koma da kazarsu su roƙi Allah. Wata rana na tarar da shi bayan ya sallami wata, yana zaune a kan jirgi hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Hamsatu, ni ake kawo wa kaza." Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar mutuwar babanmu.

Muzammilu kuwa tuni kwamitinsa ya watse. Ya shiga siyasa, ya yi tumbi, ya zama shi ke tarbar manyan baƙi in sun zo yankinmu. Wani rani ya shirya abin da ya kira ranar nuna kyawun ƙasa. Anka kafa rumfuna a bakin ruwa, anka jera kujerun roba, motoci sunka zo daga Birnin Kebbi cike da mutane masu ɗaukar hoto da waya. An kai su Illo da safe, an nuna masu fadama da tudun rairayi, saura dorina. Ni ma na tsallako da kaskona, don ranar ciniki ce.

Ina juya kifi na ji Muzammilu a lasifika. "Manyan baƙi, yanzu za ku ga abin da babu shi ko'ina. Ga babanmu, Usuman Mai Dorina, wanda ya gaji asirin magana da dabbobin ruwa kaka da kakanni. Wannan al'adarmu ce, kuma muna alfahari da ita."

Matsamin suya ya kusa faɗuwa daga hannuna cikin mai. Da bakinsa fa. Ƙaryar da ya ɗora wa mutum ya raba shi da kiran salla, ita ce yau ya wanke ya goge ya kawo wa baƙi a faranti.

Anka jawo Yaya gaban rumfa. Ya tsufa a lokacin, rigarsa ta yi masa yawa. Muzammilu ya miƙa masa abin magana ya ce, "Baba, a kira mana su, baƙi na jira." Yaya ya dubi abin, ya dubi inuwarsa a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta riga ta gota. Sai ya ture hannun Muzammilu a hankali, ya taka ya hau kan gaɓa, ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunne ya kira azahar.

Muryar ta fito a dushe. Ta karye a tsakiyar shahada, ya tsaya ya yi tari ya ci gaba. Na ajiye matsami na toshe bakina da gyale. Wurin ya yi tsit, masu waya sunka rasa ko su ɗauka ko su sauke. Da ya idar, wani mai babbar riga a layin gaba ya juya ya tambayi na kusa da shi, kuma kowa ya ji: "Au, dama Musulmi ne?"

Yaya ma ya ji. Ya sauko ya ce, "Alhaji, ga ruwa nan, bismilla a yi alwala." Ya wuce bakin kogi ya tsuguna.

Kun san abin da Muzammilu ya yi? Tafi ya yi. Ya ce a lasifika, "Kun gani, mu nan addini da al'ada tare suke tafiya." Na bar kifina a wuta na je na tsaya a gabansa. Na ce, "Muzammilu, dube ni. Wa ya tsai da shi a masallaci ya ce ya tuba?" Ya sauke abin maganar ya yi ƙasa da murya ya ce, "Haba Inna, ai wancan zamani ne ya wuce, ƙuruciya ce." Na ce, "Kai ƙuruciyarka ta wuce ka yi tumbi. Shi fa, mi ya wuce masa?" Sai wani ya ja shi wai baƙi na nemansa. Kifina ya ƙone ƙurmus ranar, kuma ban ji haushin kifin ba.

Ban san ko kunya ce ta kama masuntanmu ba, ko dai sun ga yanzu babu haɗari a faɗin gaskiya. Da yamma sunka taru wajen sabon liman, kowa na rige-rigen cewa shi dama ya san zalunci anka yi. Su waɗanda sunka ja carbi. Bunyaminu dai ba ni ganin laifinsa, shi da kansa ya je gida ya durƙusa ya ce, "Ladan, riƙo anka ce in yi, kuma na riƙa. Gobe la'asar taka ce."

Sakinatu ta aiko mini tun da safe. Na so in tsallaka, sai na fasa. Na ce a'a, daga nan na saba jin sa, daga nan zan ji shi. Na yi wanka na sa zanen salla, na kira matan gidanmu, na ce yau za ku ji abin da nake ba ku labari. Yaran da anka aurar tsallake bayan an tsige shi ba su taɓa jin sa ba. Munka fito bakin ruwa munka tsaya tun kafin lokaci.

An ce sun miƙa masa lasifika ya ce shi bai taɓa kira da na'ura ba. Tudunsa na nan, ruwan sama ya zaizaye gefensa. Daga inda nake na hango farar riga na hawa a hankali, wani na riƙe da hannunsa. Ya tsaya. Na ga ya ɗaga hannuwa zuwa kunne. Na ce wa matan su yi shiru. Iska ba ta ma kaɗawa, kogin kwance yake lumui. Na kasa kunne, ina jin ruwa na lasar gefen jirage, ina jin wata kirinjijiya can cikin ciyawa. Na ga ya juya dama, na ga ya juya hagu. Na ga ya sauke hannuwansa.

Wata ƙaramar amarya a gefena ta taɓa ni ta ce, "Inna, yaushe zai fara?"

Na ce mata, "Ya gama. Je ki ɗebo mana ruwan alwala."